Yadda Ganye Ya Fi Nama Tsada a Rumfata

Ku 'yan matan yanzu, da zarar kun iya dafa taliya da ƙwai sai ku ce za ku buɗe wurin sayar da abinci. Ina jin ku, ina kuma kallon ku. Kwanan baya wata daga cikinku ta ce da ni wai ai sana'ar abinci ba a koyon ta, duk macen da ta tashi a gidan iyayenta ta iya. Muciya na miƙa mata, na nuna mata tukunyar tuwon kasuwa. Ba ta yi nisa ba ta ajiye, tana duba tafin hannunta kamar wadda kunama ta harba. To ku sani ƙarfin tuƙi shi ne ƙaramin abu a wannan sana'a. Babban abu shi ne ki san wanda kike ciyarwa. A duk shekarun da na yi ina sayar da abinci a Dutse, aikin da ya fi cin tunanina ba girkin taro ba ne. Kwano ɗaya ne na mace ɗaya, Malama Habi, wadda ciwon mara ya kusa raba ta da aikinta na gwamnati. Amma ba za ku gane labarinta ba sai kun ji inda na koyi hannu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne wanke kwano da toka da soso. A tashar motar Jahun ne, a rumfar Gwaggo Ladi, ƙanwar babana. In na wanke sai ta ɗauki kwanon ta goga yatsa a cikinsa, ta kai hanci. In ta ji ƙanshin daddawar jiya, duka tulin zan sake. Na daɗe a bakin wanke-wanke kafin ta bar ni na taɓa rariya, na daɗe ina tankaɗe kafin ta bar ni na yi talge, muciya kuwa sai da na fara cire rai sannan ta miƙo min. Kowane kaya da aikinsa a wajenta. Maburgin miyar kuka ba ya shiga kuɓewa. Marar kwasar tuwo ba ta kwana ba a wanke ba. Tukunyar da aka yi miya a cikinta ba ta ƙara ganin tuwo har ta fashe. Amma abin da ta fi nanata min shi ne kada in taɓa zubar da saura ban duba ba. Takan ce mai ciniki zai yi miki ƙarya da baki, ya ce abinci ya yi daɗi don kunya, amma kwanonsa in ya dawo zai gaya miki gaskiya.

A hannunta na ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai fitar da kai ba, sannan ciwo ya shiga cikin shanu. Da farko nama ya yi araha har mutane suna tsoron sa, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Rumfuna da yawa a tashar suka rufe. Gwaggo ba ta rufe ba, daji ta tura mu. Tafasa, rama, yakuwa, zogale, duk abin da yake kore muka ɗebo. A nan na koyi cewa ganye ma yana da ladabinsa. Tafasa sai an zubar da ruwan farko. Rama sai an matse ta sosai, in ba haka ba tsaminta ya kashe ƙuli-ƙulin. Dambu kuma, tsaki kaɗan ganye da yawa, a turara shi a madambaci har ya kama jikinsa. Da wannan muka riƙe tasha har damina ta zagayo. Sai dai na ga abin da ban manta ba. Fulanin da a da suke shigowa kasuwa da garke, su ce a zuba musu nama ba tare da sun tambayi kuɗi ba, su ne suke sayen kwaɗon rama su juya baya su fuskanci zana suna ci, don kada wani sananne ya gan su. Tun daga lokacin, a ƙasarmu, ganye ya zama abincin yunwa. Mai hali ba ya son a gan shi da shi.

Da aka ba mu jiha aka ce Dutse ce hedikwata, na ɗaure tukwanena na hau mota. Lokacin garin bai san abin da ya same shi ba. Ma'aikata aka kwaso daga Kano, kowa ya baro iyalinsa can, wasu a ofis suke kwana a kan benci. Mutum mai babbar riga da direba, amma ba shi da mai dafa masa ruwan zafi. Na kafa rumfar zana a gindin darbejiya kusa da ofisoshi, na jera duwatsun murhu, na ɗora. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon dawa da kuka, shinkafa da wake da mai da yaji. Na koyi halinsu da wuri. Ranar Litinin ba sa ci da yawa, don da sauran girkin gida a cikinsu. Laraba sun fara ramewa, sai ki ƙara awo. Juma'a kuwa kada ki yarda ki cika tukunya, ana saukowa daga masallaci gari zai zama kufai, duk sun yi Kano. Kuma a wajensu darajar mutum a yawan naman da ke kwanonsa take. Ƙaramin ma'aikaci zai rage murya ya ce a saka masa ɗaya. Babba kuwa daga bakin rumfa zai ce, Inna, a cika nama, don na kusa da shi su ji.

Da shari'a ta zo aka ce maza da mata kada su riƙa cakuɗuwa a wurin cin abinci, wasu abokan sana'ata sun yi ta gunaguni. Ni riba na ci. Na sayo zana na raba rumfar biyu, na shimfiɗa tabarmi a ɓangaren mata, na ajiye musu buta da randa. Matan ofis da a da suke wuni da yunwa, ko su aiki masinja ya kawo musu a ɓoye, sai ga su suna zuwa su cire takalmi su miƙe ƙafa. Bayan zanar nan na ji maganganun da ko mazajensu ba su taɓa ji ba.

A nan na san Malama Habi. Bafulatanar Miga ce, doguwa, mai buga tafireta a ɗaya daga cikin ma'aikatun, kullum yatsunta da baƙin tawada. Ni kuma uwata Babarbariya ce ta wajen Haɗeja, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tana shigowa za ta ce ina baiwarta, a kawo mata abinci. Ni kuma in ce ta zauna tukuna, mu mutanen gari mu koya mata yadda ake cin abinci da cokali. Haka muke kullum. To sai na lura da kwanonta. Yawancin wata yakan dawo a suɗe. Amma akwai kwanakin da zai dawo kamar yadda na zuba, ta ɗan tsakuri gefe kawai. A kwanakin ba ta wasa, takan zauna a dunƙule ta danne mara da hannu, goshinta yana gumi ko da sanyi ake. Washegari ba za ta zo ba, jibi ma haka, wani lokaci har gata. Sai ta dawo ta rame, ta ɗora wasa daga inda ta tsaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba a yi wata uku ba na gane da al'adarta abin yake tafiya, kuma ba irin ciwon marar da kowace mace ta sani ba ne.

Wata rana na tsare ta na tambaya, ta gaya min. Ta ce tun tana budurwa take fama, amma yanzu ya kai in ya taso ko miƙewa ba ta iya yi, sai amai da juyi a ƙasa. Abin da ya fi damun ta kuma ba ciwon ba ne, Daraktansu ne. Takardu suna taruwa a teburinta duk wata, shi kuma ya ɗauka ƙauye take tafiya yawon biki. Ya kira ta ya tambayi dalili, ta sunkuyar da kai kawai. Yaya 'yar Fulani za ta buɗe baki ta gaya wa namiji, sa'an babanta, abin da ke hana ta zuwa aiki? Ya ce mata akwai tantance ma'aikata da za a yi bayan kaka, kuma duk wanda aka san shi da fashi, ko aka kira sunansa ba ya nan, to ya nemi wata sana'ar. Albashin nan kuwa da shi take riƙe da tsohuwarta a Miga, don su tun waccan shekarar garkensu bai dawo ba.

A gida an riga an yanke cewa sanyi ne ya shige ta. Maganin sanyi kuwa a wajenmu sananne ne: zafi da maiƙo. Farfesun kayan ciki, yaji, kunun kanwa, man shanu a kan komai. Mijinta Alhaji Buba dillalin shanu ne, mako yakan yi yana bin kasuwanni, saboda haka abincin ranarta a wajena yake, na dare ma a langa take tafiya da shi. Shi da kansa ya zo ɓangaren maza ya yi min magana. Ya ce kwanon matarsa kada in kuskura ya fita ba a rufe shi da nama ba, shi zai riƙa biya. Duk ranar da ya dawo daga kasuwa kuma sai ya aiko da tozo, da kwalbar man shanu, a ce na Malama ne ita kaɗai. Mutumin kirki ne, yana son matarsa, kuma da nama ya iya faɗin haka. Na yi yadda ya ce. Miyarta har ƙyalli take yi. Ciwo kuwa ko gezau.

Ana nan wata rana ta yanke jiki ta faɗi a bakin ofis. Aka kai ta asibiti, daga nan aka tura ta Kano, aka yi mata ɗan aiki a ciki. Da ta dawo ta zauna bayan zana, mata suka kewaye ta, ta kwashe abin da likitar ta gaya mata ta faɗa mana. Likitar mace ce, shi ya sa ta iya sakin baki. Ciwon yana da suna na Turanci mai tsawo, wai endometiriyosis, ni dai har yau sai na huta a tsakiya nake ƙarasa shi. Wani irin nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a inda ba wurinsa ba, a wajen mahaifar. Duk wata in lokaci ya yi shi ma sai ya kumbura ya yi jini, ga shi ba shi da hanyar fita. An kankare wanda aka gani, an ba ta magani, amma an ce yana iya dawowa. Da likitar ta tambayi abin da take ci, Habi ta lissafa mata, sai ta ajiye alƙalami ta dube ta. Ta ce ba wanda ya san takamaiman abin da ke kawo ciwon, kuma ba za ta ce abinci yana warkar da shi ba. Amma ana ganin kamar ya fi samun matan da suka dogara da jan nama da kitse da soye-soye, masu yawan cin ganye da kifi da wake da 'ya'yan itace kuma kamar ya fi yi musu sauƙi. Ta ce ta sha maganinta kada ta yi wasa, ta rage nama da maiƙo sosai, ta gwada ta gani, babu abin da za ta yi asara.

Darakta ya yi mata sannu, sannan ya ce tunda an yi aiki ai an warke, uzuri ya ƙare. Alhaji Buba kuma da ta gaya masa maganar ganye, cewa ya yi matarsa ba akuya ba ce. Ya biya kuɗin asibiti bai ce uffan ba, zai kuma sayi kowane magani, amma ba za a ce a Miga ya ɗauko 'yar mutane ya kawo ta birni yana ba ta rama ba. Washegari sai ga tozo ya iso, har ya fi na kullum girma.

Matan bayan zana suka kawo shawara. Suka ce ai abin mai sauƙi ne, Alhaji ba ya shigowa ɓangaren mata, ba ya ganin kwano. In karɓi kuɗin nama in zuba mata ganye, tozon kuma su za su taimaka mata da shi. Suna dariya, amma da gaske suke. Na ce a'a. Ku ma ku ji da kyau, don a nan yawancinku za ku faɗi. Abin da aka biya shi ake zubawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da mai ciniki ya gano kwanonki ya saɓa da bakinki, ko da don alheri kika yi, kin gama sana'a a garin nan. Kuma asiri a rumfar abinci ba ya kwana biyu. Na ce da Habi ta ba ni mako guda, Alhaji kuma ta bar ni da shi.

Miyar farko da na gwada zogale ce da gyaɗa. Lokacin rani ne, sai da na aika lambun fadama aka yanko min ɗanye. Duk wadda ba ta taɓa tsinke zogale ba ba ta san haƙuri ba. Ganye-ganye ake bi, don in sanda ɗaya ta shiga, a haƙorin mai ciniki za ta tsaya. Na sa aka riƙa kawo min bandar tarwaɗa daga Haɗeja a motar safe, in jiƙa ta a ruwan zafi, in bi ta da yatsa in cire ƙaya tas. Tukunya daban na ware, da murhunta daban, don kada maiƙon babbar miya ya shiga. Ba suya. Albasa da tattasai da daddawa su dahu a ruwan kifin, a zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa kaɗan don kauri, ganye ya shiga daga ƙarshe, a sauke tun yana kore. Ranar farko ta yi salam, na zubar. Ta biyu gyaɗa ta yi yawa. Sai a ta uku na samu hannun. Daga nan na jera mata: yau miyar zogale da tuwon dawa, gobe faten wake da alayyahu, jibi dambu da rama, gata taushe da kabewa da kifi. Na kuma sayo sabuwar langa mai fure da murfi, don kwanon roba ba zai yi wannan aikin ba.

Da na zauna na duba wahalar da ke ciki, itace daban, mai tsinka daban, kifi daga nesa, sai na ga in gaskiya za a bi, wannan kwanon ya fi na nama cin kuɗi. A nan dabara ta zo min. Ban rage ko kwabo ba don a ce ganye ne. Na sa masa kuɗinsa na gaskiya, ya hau kan kowane kwano a rumfar.

Ranar da Alhaji Buba ya dawo daga kasuwa na aika a kira min shi. Ya zo da sandarsa, ya zauna a benci, muka gaisa. Na ce masa daga yau na daina karɓar kuɗin nama a kan kwanon Malama, don ba zan zuba mata ba, kuma ba zan karɓi kuɗin abin da ban zuba ba. Fuskarsa ta canza. Kafin ya yi magana na ce akwai wani kwanon, sai dai ban sani ba ko zai iya, don ya fi na nama tsada. Na faɗi kuɗin.

"Ganye ne ya fi nama tsada?" in ji shi. "Inna, ko dai halin Barebari ne ya motsa?"

"Halin Fulani dai. Ku in ba abu ya yi kuka an yanka shi ba, ba ku san abinci ba ne."

Na sa aka fito masa da faifan zogalen da ake tsinka, da kifin, na nuna masa tukunyar da murhunta. Dillali ne, ya san kaya in ya gani. Ya ɗaga kifin ya juya shi, ya tambayi daga inda yake, ya ajiye. Can ya ce, a hankali, shi fa ya ci ganye ya ƙoshi tun yana saurayi. Shekarar da shanunsu suka mutu, da tafasa suka kai damina, har a tashar Jahun ya sayi kwaɗo ya ci yana ɓoye fuska. Ya yi wa kansa alkawari duk wanda ke ƙarƙashinsa ba zai ƙara ci ba. Na ce masa na san shekarar, watakila ma ni na zuba masa. Na ce wancan na yunwa ne, an ci don babu. Wannan kuwa sai mai hali.

"In surukanka sun tambaya, ka ce kwanon da ya fi kowanne tsada a Dutse take ci. Ba ka yi ƙarya ba."

Ya shafa gemu. Ya tambaya ko akwai wani mai ci a cikin manyan nan. Na ce tukuna dai ba a samu wanda ya iya biya ba. Wannan ita ta kama shi. Ya ce a zubo ya ɗanɗana, don ba ya sayen saniya bai duba haƙorinta ba. Na zubo masa a langar mai fure. Ya ci loma ɗaya ya ce gishiri bai ji ba. Ya ci ta biyu ya ce kifin ba laifi. Da langar ta dawo, ko wankewa ba ta buƙata. Sharaɗi ɗaya ya kafa min, kada ya ji na sayar wa wani a ƙasa da yadda na sayar masa. Tozo ya daina zuwa. Sai dai mutum ba ya barin halinsa, maimakonsa buhun lemo ya riƙa aikowa, da kankana, da gwaiba kwando guda, har sai da Habi ta riƙa rabo a ofis.

Ba a jima ba langar ta jawo ido. Kullum ana wucewa da ita a rufe zuwa bayan zana, ƙanshi yana bin ta. Wanda ya fara tambaya shi ne Daraktan su Habi, wanda shi ma a wajena yake ci. Na gaya masa abin da ke ciki da kuɗinsa. Da ya ji kuɗin sai ya gyara zama, ya ce ai shi ma likitansa ya daɗe da hana shi maiƙo saboda hawan jini, rashin inda zai samu ne. Ƙarya yake, kunyar cin ganye ce ta hana shi nema tun tuni. Da aka ga Darakta yana ci, sai na ƙasa da shi suka bi. Kafin kaka ƙaramar tukunyar ta koma babba, na ƙara mata biyu masu tsinkar ganye. Mutanen da a da suke ɗaga murya a cika nama, yanzu daga bakin rumfa suke cewa a kawo na Malama, don haka sunan ya bi shi.

Wata rana Darakta yana wanke hannu ya tambaye ni wai wace Malama ce. Na ce mai buga masa takardu. Na ce likita ce ta ɗora ta a kai kamar yadda nasa ya ɗora shi, kuma ciwonta na mata ne, mai zagayowa duk wata, irin wanda yarinya mai kunya ba ta faɗa wa namiji. Abin da ita ba za ta iya faɗa ba, tsohuwa tana iyawa. Ya daɗe yana goge hannu. Sannan ya ce shi daga yau ba zai rubuta ta a masu fashi ba, amma tantancewa ba a hannunsa take ba. Baƙi ne za su zo, su kira suna, su ga mutum da idonsu. Wanda ba ya nan, ba ya nan.

Kada ku ce na ce ganye ya warkar da ita. Ban sani ba ko aikin da aka yi mata ne, ko maganin, ko tukunyata, ko duka suka haɗu, Allah ne masani. Abin da na gani shi ne kwano. Wata na farko ya dawo da rabi, ta yi kwana biyu a gida. Na gaba ta yi ɗaya. Daga baya takan zo a dunƙule, in cika mata kwalba da ruwan zafi ta naɗe a zani ta danna a mara, ta koma kan tafiretarta. Ciwon bai tafi ba, amma ya rage mata wurin tsayawa.

Sai aka sa ranar tantancewa, ta kuwa faɗo daidai kan kwanakinta. Tun da safe aka jera su a filin ma'aikata, layin maza daban na mata daban, ba rumfa ba benci. Daga inda nake ba na hango su. Azahar ta yi, mata suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowacce da shuɗin tawada a babban yatsa, alamar an gan ta ta dangwala. Duk wadda ta shigo sai in tambaye ta Habi. Wata ta ce ta gan ta a tsugune. Wata ta ce ta miƙe. Wata ta ce an ce ta je ta kwanta a ofis za a kira ta, ta ƙi, ta ce in ta kwanta ba za ta tashi ba. Na rufe langarta na ajiye kusa da murhu. Maza suka gama ci suka watse, aka fara wanke tukwane, aka kira la'asar.

Sai ga ta. Ta shigo tana dafa zana, leɓenta ya bushe, ta zube a tabarma ba ta ko cire takalmi ba. Ta ɗago babban yatsanta ta nuna min, shuɗi har gefen farce.

"Baiwata," in ji ta, "kawo abinci. Kuma yau dai, don Allah, a saka min tsoka ɗaya."

Likita cewa ta yi a rage, ba ta ce a haramta ba. Na buɗe tukunyar nama na laluba har na samo tsoka marar kitse, na ɗora mata a gefen zogalen. Na ce kuɗin wannan daban ne, kuma ba Alhaji ne zai biya ba. Ita za ta biya da kanta ƙarshen wata, tunda mai albashi ce.